Ranar da Ruwan Alwala Ya Daskare a Tottenham

Da sunan Allah wanda ya halicci zafi da sanyi, ya sa suna karɓa-karɓa a kan bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai babi guda a karatun fiƙihu wanda muka yi wa dariya muna ɗalibai, shi ne babin shafa a kan huffi. Huffi safa ce ta fata mai rufe ƙafa har sama da idon sawu. Wanda ya yi cikakkiyar alwala sannan ya sanya ta, idan alwalarsa ta warware daga baya, ba sai ya tuɓe ya wanke ƙafafu ba. Ya isar masa ya shafi samanta da ƙasanta da jiƙaƙƙen hannu. Mun iso wannan babi ne a tsakiyar bazara, a zauren malaminmu cikin birnin Zariya, gumi yana ɗiga daga haɓarmu. Wani daga cikinmu ya ce, "Allah gafarta Malam, wane mai hankali ne zai cusa ƙafarsa cikin fata a wannan zafi?" Malam bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ba don garinku kaɗai aka saukar da addini ba. Karanta." Muka karanta, muka haddace, muka wuce, kamar yadda muka haddace cewa ruwan da ya narke daga ƙanƙara mai tsarki ne mai tsarkakewa, alhali a cikinmu babu wanda ya taɓa ganin ƙanƙarar da za ta cika moɗa.

Na zo Landan a farkon shekarun tamanin. An ɗauke ni in koyar da Hausa, in kuma taimaka wajen karanta tsofaffin rubuce-rubucen ajami a wata kwaleji da ke Bloomsbury. Na sauka a lokacin zafinsu, azumi kuma ya same ni a cikinsa. Ban taɓa ganin yini mai taurin kai irin wannan ba. Mutum ya yi la'asar, ya kwanta, ya tashi, ya tarar da rana tana nan inda ya bar ta, Turawa sun tuɓe riguna sun bazu a kan ciyawa kamar an shanya su. Na ce a raina, ashe ƙarya ake yi wa ƙasar nan da sanyi. Bayan 'yan watanni sai ta juyo mini da ɗaya fuskar. Yini ya tsuke, har azahar da la'asar da magariba suka riƙa taka sawun juna, ruwan famfo kuwa ya koma kamar aska. Da na je gida hutun farko, sai na nufi wani baduku a kasuwa, na zana masa ƙafata a kan kwali, na ce ya ɗinka mini huffi da jar fatar akuya. Ya juya kwalin ya sake juyawa, ya ce, "Malam, takalmi ne ba ƙasa, ko jaka ce ta ƙafa?" Na ce, "Ɗinka dai." Tun daga nan ba na rabuwa da ita idan sanyi ya kama.

A wancan zamani 'yan'uwanmu da ke arewacin birnin ba su da masallaci nasu. Abin da muke da shi ɗaki ne guda a bayan wani shago a Tottenham. Mai shagon ɗan zangon Kumasi ne, yana sayar da doya da gari da daddawa, da baho da turmi da taɓarya. Ya karɓi hayar ɗakin tare da shagon, ya shimfiɗa darduma, ya roƙe ni in riƙa zuwa ina jan salla ranar Juma'a, ina karantar da littafi ranar Lahadi. Yawancin masu zuwa 'yan Gana ne, masu shara a ofisoshi da direbobi da masu gadi, sai tsiraru daga Kano da Sakkwato. Ana shiga ɗakin ta wata ƙofa a gefen shago, mai matattakalar dutse. Ta wannan ƙofar kuma wata nas take hawa zuwa gidanta a saman bene. Kirista ce, mutuniyar Filato, Hausarta ta fi ta rabin jama'ata daɗi. Ina kiranta Sista, tana kirana Baba Malam.

A bayan ɗakin akwai ɗan fili da famfo, nan ake alwala. Bahaushe da ɗan zango ba su san alwala ba sai a tsugune, a sarari, da buta, ana kwarara ruwa a ƙafa har ya yi gudu a ƙasa. A gida ƙasa ke shanyewa, rana ta busar da saura. Da rani wannan ɗabi'a ba ta cutar da kowa ko a Tottenham. Akwai bayan gida guda a ciki, amma babu mai yarda ya yi alwala a wurin najasa, ban kuwa ga laifinsu ba.

Sai wani Janairu a ƙarshen shekarun tamanin ya zo da sanyin da su kansu masu ƙasar suka ce ba su saba da shi ba. Dusar ƙanƙara ta fara sauka tun farkon mako, ta ƙi ɗaukewa. Ni a kudu maso gabashin birnin nake zaune, hayin kogi, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai ba. Jirgin da ke bin sarari shi ke kai mu tashar Charing Cross, daga can mu shiga na ƙarƙashi. An dakatar da darussa, na zauna a gida, ban san abin da ake ciki a Tottenham ba sai ranar Alhamis bayan magariba, da mai shago ya bugo waya.

"Malam, wahala ya zo," in ji shi, da Hausarsa ta zango wadda ba ta raba mace da namiji. "Sista na sama ya faɗi a step. Hannu ya karye."

Na yi istirja'i, na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce famfon baya ya daskare, dusa ta toshe ƙofar filin, sai ya riƙa kawo ruwan ɗumi a jarka daga gidansa, jama'a suka fita da butocinsu kan matattakalar gaba. Sun ce ai ruwan ɗumi ne, ba zai daskare ba. Da ya daskare, sai wani mai son lada ya tafasa ruwa ya kwarara a kai don ya narkar da shi. Kafin gari ya waye matattakala ta zama madubi. Sista ta fito da sassafe za ta tafi aiki, ƙafa ta kwashe ta.

"Landlord, mai gidan nan, ya ce gobe kafin azahar zai zo da sabon kwaɗo," in ji mai shago. "Ya ce salla ya ƙare a gidansa. Ya ce yana so ya ga liman da ido. In liman bai zo ba, ya rufe ke nan."

Na ce, "Ka gaya masa liman yana zuwa."

"Malam, an yi cancel na train duka. Ko bas babu."

"Ka gaya masa."

Da na idar da sallar asuba, sai na sake alwala cikakkiya, na wanke ƙafafuna har idon sawu, na tsane su, na zura huffi, na ɗora takalmin sanyi a kai. Mai ɗakina tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona.

Ta ce, "Malam, kai da bakinka ka karantar da mu cewa a ranar tsananin sanyi an yi wa mutum rangwame ya yi salla a gidansa."

Na ce, "Rangwamen na salla ne, ba na ɗakin ba. In na zauna, tawa sallar ta yi. Mutanen can fa, ina za su kai tasu mako mai zuwa?"

"To, in ka faɗi a hanya wa zai ɗauko ka? Ɗakin?"

Ta shiga ta fito da shayi a filas da dabino a ƙulle, ta cusa mini a aljihu da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata. 'Yarmu, wadda a Landan ta taso, tana jin Hausa amma da Turanci take mayarwa, ta leƙa taga ta ce in dai sai na fita, to in bar babbar riga a gida, in sa kwat kamar kowa. Na ce mata kwat zan sa, amma a kan riga. Ba zan tsaya gaban mai gidan nan cikin kamar wanda ya zo roƙo ba. Liman ya ce yana son gani, liman zai gani. Na naɗa rawani, na zagayo da shi ta haɓa na rufe baki da hanci, a ranar na yarda Buzaye sun fi mu dabara.

A tasha na tarar da ma'aikaci guda yana buga ƙafa a ƙasa don ɗumi. Ya ce babu jirgi zuwa Charing Cross, babu mai dawowa daga can. Ƙarfen da ke ba jirgi wuta ƙanƙara ta lulluɓe shi. Na tambaye shi ina ne wuri mafi kusa da zan sami jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki. Ya miƙa hannu wajen kogi, ya ce sai na kusa kaiwa can. Sannan ya dube ni daga rawani har ƙasa, ya ce, "Koma gida, kaka. Yau ba ranar fita ba ce." Na gode masa, na kama hanyar da ya nuna.

Birnin da na sani da hayaniya ya yi tsit kamar an yi masa rasuwa. Motoci sun tsaya inda dusa ta kama su, kowace da farin rawaninta. A ƙofofin gidaje kwalaben madara sun daskare, madarar ta tashi ta ture murfinta sama. Dusar ta kai mini ƙwauri, wani wurin gwiwa, kowane taku sai na ciro ƙafa kamar mai tafiya cikin taɓon fadama. Iska tana fitowa daga gabas, tana neman duk inda ɗinki ya yi sako-sako. Numfashina ya jiƙa rawanin, rawanin ya ƙandare, gemuna ya yi nauyi. Na sha jin mutane suna zagin sanyi, ni ban zage shi ba, domin ba a zagin abin da aka aiko. Abin da na riƙa gaya masa a zuciyata shi ne: kai bawa ne, ni ma bawa ne, an umarce ka ka sauka, an ɗora mini in isa, yi naka, in yi nawa.

A kan wata gangara na tarar da bas ta zame ta gitta a titi, babu direba babu fasinja. Ina cikin kewaye ta sai ƙafata ta kwashe, na zauna daɓas, rigata ta buɗe a kan dusa kamar tabarma. Na ɗan jima a zaune, ƙuguna yana zogi. A nan na tuna Sista, na ce wannan ɗanɗano ne kawai na abin da jama'ata suka shayar da ita. Na sha shayin mai ɗakina, na ci dabino, na dafa tayar bas na miƙe. Shaiɗan ya ce mini gida ya fi kusa. Gaskiya ya faɗa, gida ya fi kusa, amma ba kusa na fito nema ba.

Hantsi ya yi sosai kafin in isa tashar da ke aiki. A ƙarƙashin ƙasa akwai ɗumi da cunkoso, kowa ya taru a can tun da hanyoyin sama sun mutu. Ƙanƙarar gemuna ta narke tana ɗiga a ƙirjina, mutane suna satar kallona, ni kuwa ina jan carbi a cikin aljihu ina lissafin ko zan riga kwaɗo isa.

Da na karyo kwanar shagon, abin da na fara gani shi ne matattakalar. Tana sheƙi, ƙanƙara ta hau kan ƙanƙara, ta gangaro har gefen titi. Jama'a sun cunkushe cikin shago. Mai gidan yana tsaye a bakin ƙofa da sabon kwaɗo a hannu, dattijo ne gajere mai kauri, asalinsa daga tsibirin Ƙubrus. A gefe guda kuma ga wani Alhaji, wanda ya girmi kowa a cikinmu, ɗan zangon Accra, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, rungume da butarsa ta tagulla wadda ya zo da ita daga Makka. Shi ne ya fara tara mutane salla a unguwar tun kafin in zo, kuma shi ne ya fara fita da buta kan matattakala.

Na yi sallama, na gaida mai gidan, na ce ya ba ni ɗan lokaci. Na juya ga mai shago na ce ya fito da gishiri da duk taɓaryar da ke shagon. Ya dube ni kamar bai ji ba. Na ce, "Kawar da cuta daga hanya yana gaba da kowace magana." Na karɓi taɓarya guda na fara dukan ƙanƙarar. Da suka ga liman yana daka, sai kunya ta fito da su. Muka jeru, muna sara muna watsa gishiri, ƙanƙara tana tarwatsewa kamar fasasshen tulu.

Sai muka ji an buɗe taga a sama. Sista ce. Ta ce, "Ikon Allah! Yau ga maza suna daka. Ku ƙara ƙarfi, sakwarar ba ta yi laushi ba!"

Babu wanda ya ɗaga kai sai ni. Na ce, "Sista, ko za ki sauko? An share miki hanya."

Ta sauko a hankali, hannunta na dama cikin farin ɗauri, rataye a wuya. Ta tsaya a kan matakin sama ta ɗaga shi yadda kowa zai gani.

"Baba Malam, ka ga aikin butocinku? Ni da nake ɗora wa mutane karaya, yau ni aka ɗora wa."

Na ce, "Na gani. Haƙƙinki yana wuyanmu, kuma babu sallar da za ta wanke shi sai kin yafe."

"Yafewa ba yau ba. Sai ranar da hannun nan ya ɗauki cokali." Ta juya ga mai gidan ta ce masa da Turanci ita ba ta ce a kori kowa ba, abin da ta ce shi ne tana so ta riƙa sauka daga gidanta da ranta.

Mai gidan ya ce shi ba ruwansa da addinin kowa, uwarsa ma har ta mutu tana kunna kyandir a coci. Amma ya lura mu mutanen wanka ne kamar agwagi, safe da yamma, famfo kuwa ya daskare, mai gyara ba zai zo ba sai gari ya sake. Ruwan nan ina zai tafi? In wani ya sake faɗuwa, shi council, hukumar unguwa, za ta kama, ba mu ba. Ya ce, "Kai ne shugabansu. Gaya mini yadda mutum zai wanke hannu da fuska da ƙafa ba tare da ya jiƙa mini dutse ba. In ba ka da amsa, kwaɗo yana da ita."

Na ce, "Ba zan gaya maka ba, zan nuna maka. A ba ni kofin shayi guda da faranti."

Muka shiga ɗakin salla, shi ma ya biyo mu, ya tsaya a bakin darduma da takalminsa. Na miƙa hannu ta taga na ɗebo dusa mai tsabta daga kan katanga, na danna ta a kofi, na ɗora kan na'urar ɗumama ɗaki, na ƙara har kofin ya cika da ruwa. Na ajiye faranti a gabana, na zauna a kan kujera, na tuɓe takalmin sanyi. Jar fatar ta bayyana, na ji ana gunaguni a bayana. Na yi niyya, na wanke hannuwa, na kurkure baki, na shaƙa, na wanke fuska sau ɗaya, damtse sau ɗaya, ina cuɗawa yadda ruwa zai game gaɓa ba tare da ya zuba a banza ba. Na shafi kai da kunnuwa. Sannan na jiƙa hannuwana, na ɗora ɗaya a saman huffi ɗaya a ƙasanta, na ja daga yatsu zuwa idon sawu, dama sannan hagu. Na miƙa wa mai gidan farantin. Ruwan da ke ciki bai rufe zanen furen da ke tsakiyarsa ba.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Kafin ya sake magana sai Alhaji ya matso, butarsa a ƙirji. Ya ce, "Malam, wannan alwala na kyanwa ne. Ƙafa fa? Ni tun ina yaro ban ga wanda ya shafa jaka ya ce ya wanke ƙafa ba. Ba zan bi salla bayan mutum da ƙafa busasshe ba."

Na ce, "Alhaji, na wanke su da asuba a gidana kafin in sa wannan. Babin yana cikin littafin da muke karantawa ranar Lahadi. Kana zaune a damana ranar da muka wuce shi."

"Mun karanta. Amma ba mu ga iyaye namu sun yi ba."

"Iyayenmu ba su ga Tottenham ba."

Wasu suka yi dariya, na ɗaga hannu suka yi shiru, domin dattijo ne, ba abin dariya ba ne. Amma ban janye ba. Na miƙe na fuskanci jama'a na ce, "Ku ji da kyau. Muddin ni ke jan salla a ɗakin nan, buta ba za ta sake tsallake waccan ƙofa ba har sanyi ya wuce. Wanda ya zo da alwalarsa daga gida, madalla. Wanda ba shi da ita, ga baho, ga kofi, kowace gaɓa sau ɗaya, har ƙafa, a kwashe ruwan a zuba a bayan gida. Mai son huffi zan zana masa ƙafa a aika gida a ɗinko. Wanda ya ga ba zai iya ba, ban hana shi salla a wani wuri ba. Amma ba za mu nemi tsarki da karya ƙashin maƙwabciya ba."

Sannan na juya ga mai gidan na ce masa da Turanci, "Gidanka ne, kana da ikon rufewa. Sai dai ka sani, da ƙafa na tako rabin hanya daga hayin kogi yau, kuma Juma'a mai zuwa zan sake takowa, ko in tarar da ƙofa a buɗe ko a rufe. In a rufe take, a bakin titi zan shimfiɗa rigar nan, mutanen nan su tsaya a bayana. Mun riga mun saba da ɗakinka, amma ba ɗakin muke bauta wa ba."

Ya dubi farantin da ke hannunsa, ya dubi ƙasan rigata da ta jiƙe har gwiwa tana ɗiga. Ya ce ya ji, amma wa zai tabbatar masa? Ni ina hayin kogi, butoci suna nan. Ranar Litinin, in babu ni, wa zai hana su?

Sista ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ni zan hana su. A kawo butocin, su kwana a wurina."

Mai shago ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya bi ɗaki yana tattarawa, na roba masu zane da na ƙarfe, ya zura su a igiya ta hannayensu kamar kifin da aka kamo, ya hau da su sama. Da ya zo kan Alhaji sai Alhaji ya ƙara ƙanƙame tasa.

Ya ce, "Buta na Makka ba zai kwana a ɗakin mace ba."

Sista ta ce, "Baba Alhaji, ko da ka ba ni ba zan karɓa ba. Ita ce shugabar masu laifi."

Alhaji ya juya. Ya sa takalminsa, ya yi mana sallama cikakkiya, ya sauka matattakalar da muka share, yana dafa bango, butar a hammata. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, zuciyata ba daɗi, amma ban kira shi ba.

Mai gidan ya jefa kwaɗon a aljihun kwat ɗinsa. Ya ce, "Har ƙanƙara ta narke. Ɗigo ɗaya a kan dutsen nan, na dawo da shi." Ya ajiye farantin a kan taga ya fita.

Lokaci ya riga ya ƙure, yinin sanyi ba ya jiran kowa. Masu bukata suka yi layi a gaban baho, manyan mutane suna auna ruwa da kofin shayi kamar masu shan magani, suna ƙunƙuni. Na yi huɗuba gajera a kan haƙƙin maƙwabci, na ja salla, muryata tana rawa don sanyin da ya shige ni. A gidan mai shago na kwana, domin ƙafafuna sun ce sun gama nasu aikin. Juma'ar da ta biyo jirage sun fara tafiya jefi-jefi, na zo na tarar da ƙofa a buɗe, matattakala a bushe, butocinmu jere a tagar Sista suna leƙen masu shiga.

Mutum biyar ko shida suka ba ni ƙafafunsu na zana, aka ɗinko musu huffi daga gida, sai dai kafin ta iso sanyi ya wuce, sai da shekara ta zagayo suka sa. Alhaji bai dawo ba sai da famfon baya ya sake zuba, itatuwa suka yi toho. Ya shigo ranar wata Juma'a, ya wuce fili kai tsaye, ya tsuguna, ya kwarara ruwa a ƙafafunsa har ya yi gudu a ƙasa, sannan ya zo ya zauna a damana kamar jiya ya tashi. Har Allah ya karɓi ransa bai sa huffi ba, kuma duk shekara idan sanyi ya kama sai ya ɗauke ƙafa, ya dawo tare da ganyen itatuwa. Ban taɓa tambayarsa inda yake zuwa ba, shi ma bai taɓa cewa na yi daidai ba.

Butocin kuwa sun sauko 'yan kwanaki kafin ya dawo. Wata Lahadi muna cikin karatu Sista ta ƙwanƙwasa ƙofa, igiyar butoci a hannun hagu, cokali a hannun dama. Ta ɗaga cokalin ta juya shi a iska ta ce, "Baba Malam, ga shi ya ɗauka. Na yafe. Amma baɗi tun kafin ganye ya gama zuba zan zo in kwashe su." Haka kuwa ta riƙa yi kowace shekara, har muka sami wuri mafi faɗi muka tashi da kanmu, muka mayar wa mai gidan makullinsa hannu da hannu.

Allah ya jiƙan Alhaji, ya saka wa maƙwabciyarmu da alheri, ya haskaka kabarin malamin da ya ce mana mu karanta ko da muna dariya.